Kada a zaunar da Baba: BDNF da lafiyar ƙwaƙwalwa a tsufa

A gidajenmu na Zazzau, da zarar dattijo ya haura shekara sittin kuma 'ya'ya sun kawo ƙarfi, maganar da zai fara ji ita ce, "Baba, ka huta haka nan." Keken da ya shekara talatin yana takawa daga cikin birni zuwa Sabon Gari sai a jingine shi a zaure har tayoyinsa su sace. Masallacin da ke bayan layi ma jika ne zai kai shi a babur. Ita ma Hajiya an ɗauke mata shara da tankaɗe da zuwa unguwa a ƙafa, an shimfiɗa mata darduma a ƙofar ɗaki, ga rediyo ga fulas ɗin shayi. Duk neman albarka ne, kuma ba wanda zai ga laifin ɗan da ke son iyayensa su huta. Sai dai wannan zama ba gata ba ne a wajen ƙwaƙwalwa. Akwai wani sinadari da take ƙera wa kanta don ta ci gaba da riƙe abin da ta koya, kuma motsin jiki na sahun gaba cikin abubuwan da ke sa ta ƙera shi.

Sunansa BDNF, haruffa huɗu da aka tsakuro daga dogon suna mai ma'anar abin ciyar da jijiya da aka samo a ƙwaƙwalwa. Furotin ne, dangin wani da Rita Levi-Montalcini 'yar ƙasar Italiya da Stanley Cohen suka gano a shekarun 1950, aikin da ya kai su ga lambar Nobel a 1986. Shi BDNF sai a 1982 aka tace shi, a cibiyar Max Planck da ke kusa da Munich a Jamus, a hannun Yves-Alain Barde da Hans Thoenen da abokin aikinsu. Ƙwaƙwalwar alade suka yi amfani da ita, kuma daga kilo ɗaya da rabi abin da suka samu bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan na giram ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin ƙarfinsa: ɗan mitsitsi ne, amma duk wata dabba mai shayarwa da aka duba, daga ɓera har ɗan Adam, irinsa ɗaya take ƙerawa ba bambanci. Babu ruwan mutum da alade a wannan batu. Kowa nasa yake yi a cikin kansa.

Ƙwaƙwalwar mutum na da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowacce tana miƙa rassa tana haɗuwa da dubban 'yan uwanta. A waɗannan mahaɗai ilimi yake zaune. Kamar turba ce a cikin gona: wadda ake bi kullum sai ta faɗaɗa ta yi tauri, wadda aka daina bi damina ɗaya ta isa ciyawa ta cinye ta. Idan ƙwayar jijiya ta yi aiki, sai ta saki BDNF a bakin mahaɗar da aka yi amfani da ita. Shi kuma sai ya shiga wani kwaɗo da ke jikin ƙwayar, mai suna TrkB, kamar makulli, ya buɗe jerin saƙonni zuwa ciki: a ƙarfafa wannan mahaɗa, a ƙaro rassa, kada ƙwayar nan ta mutu. Abin lura shi ne aiki ne ke jawo shi. Ƙwayar da ba a mora ba, ba ta samun rabo.

Akwai wani abu da masu tallar magani ba sa faɗi. Ƙwaƙwalwa tana fara ƙera shi ne a wata doguwar siffa da ake kira proBDNF, sai wasu sinadarai sun datse shi kafin ya nuna. Ɗanyen yana shiga wani kwaɗo dabam, p75, kuma aikinsa kishiyar na nunannen ne: raunana mahaɗai da datse rassa. Ba ɓarna ba ce, domin ƙwaƙwalwa na buƙatar hakan kamar yadda manomi ke rage tsiron da ya yi cunkoso a rami ɗaya. Amma ya nuna cewa maganar "a ƙara BDNF" kawai ba ta cika ba, sai an san wanne.

Wurin da ya fi yawa kuma ya fi tasiri shi ne hifokamfas, wasu tsokoki biyu masu lanƙwasa a can ciki, ɗaya dama ɗaya hagu, daidai saitin kunne. Nan ne ƙofar shigar sabon abu. Tsohon labari kuwa ya riga ya bazu zuwa wasu sassan ƙwaƙwalwa. Shi ya sa dattijo zai zayyana maka hawan sallar zamanin Sarki Aminu, da launin rawanin wane da sunan dokin wane, amma ya tambaye ka sau uku ko an kawo masa kokon safe. A tsofaffi masu lafiya ma hifokamfas na raguwa da kashi 1 zuwa 2 cikin 100 kowace shekara. A masu cutar Alzaima, wadda nau'i ce ta cutar mantuwa, raguwar ta fi sauri, kuma tun 1991 aka ga cewa BDNF ya yi ƙasa a wannan sashe na ƙwaƙwalwarsu.

Bincike biyu sun fi jan hankalina. A jami'ar Rush da ke Shikago an bi tsofaffi 535 ana gwada tunaninsu duk shekara har suka rasu, sannan aka duba ƙwaƙwalwarsu da izinin da suka bayar tun suna raye. Sakamakon da ya fito a 2016 ya nuna waɗanda ke can sama wajen ƙera BDNF tunaninsu ya yi ƙasa a hankali, kusan rabin saurin waɗanda ke can ƙasa. Abin da ya fi muhimmanci, bambancin ya fi fitowa a waɗanda tabon Alzaima ya riga ya yi yawa a ƙwaƙwalwarsu. Wato cutar tana nan, amma kan ya fi jure mata. Na biyun a garin Framingham na Amurka ne, inda aka bi mutum 2,131 'yan shekara 60 zuwa sama na tsawon shekara goma, 140 suka kamu da cutar mantuwa, kuma waɗanda BDNF ya fi yawa a jininsu sun fi tsira. Duka biyun tafiya tare suka nuna, ba su tabbatar da wanne ya haifi wanne ba. Mai yiwuwa ne lafiyayyar ƙwaƙwalwa ce ke ƙera shi da yawa tun farko. Don haka sai a koma ga gwajin da aka sa mutane suka yi wani abu aka ga abin da ya biyo baya.

A 1995 ɗakin binciken Carl Cotman a Kalifoniya ya sa wa ɓeraye keken gudu a keji, cikin 'yan kwanaki BDNF ya tashi a hifokamfas ɗinsu. A 2011 Kirk Erickson da abokan aikinsa suka kai abin ga mutane. Sun ɗauki tsofaffi 120, 'yan shekara 55 zuwa 80, waɗanda ba sa motsa jiki, suka raba su biyu: rabi tafiyar ƙafa, rabi miƙe gaɓoɓi kawai, kwana uku a mako har shekara guda. Da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, hifokamfas ɗin masu tafiya ya ƙaru da kimanin kashi 2 cikin 100, na ɗaya rukunin ya ragu da kusan 1.4. A cikin masu tafiyar, waɗanda BDNF ɗin jininsu ya fi tashi su ne sashen ya fi girma. Ba duk gwajin da ya biyo baya ne ya ga girma irin wannan ba. Da aka tattara gwaje-gwaje 14 a 2018, abin da ya fito shi ne motsa jiki ya fi kama da birki, yana hana raguwa, musamman a ɓangaren hagu. Ga ɗan shekara saba'in, birki ma ba ƙaramin abu ba ne.

Ta yaya ƙafa ke aika saƙo zuwa kai? Jini na ƙara gudu zuwa ƙwaƙwalwa, ƙwayoyin jijiya na ƙara aiki, sannan tsoka da hanta na sakin wasu sinadarai, irin su laktet da kiton, waɗanda a gwajin dabbobi aka ga suna kunna ƙera BDNF. Tashin da yake yi a jini bayan motsa jiki ba ya daɗewa. Cikin awa guda yakan koma inda yake. Ba a tara shi kamar hatsi a rumbu, don haka tafiyar kilomita goma ranar Asabar ba ta biyan bashin kwana shida na zama.

Tsarin da Erickson ya bi mai sauƙi ne, kuma ana iya ɗaukarsa yadda yake. Makon farko minti 10, kowane mako a ƙara 5, a mako na bakwai an kai 40, sai a tsaya a nan, kwana uku a mako. In jiki ya saba a ƙara kwanaki, domin Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 zuwa 300 take so a mako. Inda ake kuskure shi ne sauri. Tafiyar ƙasaita, hannu a baya, carbi na lilo, tana da daɗinta amma ba ta kai ba. Ana son taku kamar 100 a minti. A ƙirga, in an samu 25 cikin daƙiƙa 15 to an kama hanya. Ko kuma a gwada da numfashi: ya iya amsa gaisuwa, amma ya kasa jan doguwar aya ba tare da ya tsaya ya shaƙi iska ba.

Gaisuwar ma ita ce babbar matsala a Zariya. Dattijon da ya fito daga gidansa a cikin birni ba zai yi taku talatin ba sai wani ya durƙusa, "Allah gafarta Malam, an tashi lafiya? Ya iyali? Ya sanyi?" Kafin ya kai bakin titi ya tsaya sau takwas, zuciya ba ta taɓa ɗaukar gudu ba. Maganin wannan shi ne a raba lokaci: a fita da an sallame Asuba gari ya ɗan waye, a nufi filin makaranta ko wata hanyar da ba unguwarsa ba, a yi minti arba'in ba tsayawa, sannan a dawo ta cikin mutane a gaisa a tsanake. Gaisuwar ita ma magani ce, zan zo kanta.

Ga matan da ba su cika fita ba, tsakar gida ta isa in an ɗauke ta da gaske: zagaye daga ƙofar ɗaki zuwa zaure da dawowa, da agogon waya a hannu, da kishiya ko jika a gefe don kada a gaji a bari. A cire silifas a sa takalmi mai rufe dunduniya, domin faɗuwa ɗaya kan iya kwantar da tsohuwa wata shida. Wanda gwiwa ta dame shi ya koma kan keke, ya fi sauƙi ga gaɓa. Kwana biyu a mako a ƙara da ƙarfafa tsoka: a zauna kan kujera a miƙe ba tare da dafa hannu ba sau 10, a huta, a maimaita sau biyu. Kwana uku a gwada tsayuwa da ƙafa ɗaya ana dafe da bango. Lokacin hunturu a bari rana ta ɗan fito, a sa takunkumi in hazo ya yi kauri, musamman mai asma. Da bazara kuwa safiya ce kawai, a sha ruwa kafin a fita.

Mai hawan jini ya auna kafin ya fara. In ya kai 180 bisa 110, asibiti ne farko, ba fili ba. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan gilibenkilamaid kada ya fita da yunwa, ya sa dabino uku a aljihu, in ya ji rawar jiki da gumi mai sanyi ya tsaya ya ci. Ya kuma riƙa duba tafin ƙafarsa duk dare, don ƙaya kan shiga bai ji ba. Ciwon ƙirji, jiri, ko haki da bai yi daidai da tafiyar ba, duk alamun a tsaya ne a ga likita a ranar.

Ana yawan tambaya game da azumi, saboda a ɓeraye yunwa na tsaka-tsaki na ɗaga BDNF. A jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan an gwada a mutum 12, aka fitar da sakamako a 2023: awa 20 ba abinci bai motsa BDNF na jini ba, minti 90 na taka keke a hankali ya ɗan ɗaga shi, minti 6 na takawa da matuƙar ƙarfi kuwa ya ninka hakan sau huɗu zuwa biyar. Mutanen ba tsofaffi ba ne, kuma ba wanda zai ce ɗan saba'in ya yi tsere. Darasin shi ne ɗan ƙarin ƙarfi na da amfani: bayan wata biyu, a riƙa sa minti ɗaya na sauri sosai bayan kowane minti biyar, ko a zaɓi hanya mai ɗan hawa. Azumi ibada ne mai ladansa, ba a kuma dogara da shi a bar tafiya ba. A watan Ramadan a mayar da ita bayan shan ruwa.

Akwai kuma masu cinye shi. Sukari na farko. A Kofanhegan ta ƙasar Denmak, a 2007, an ga masu ciwon suga BDNF ɗin jininsu ya yi ƙasa, kuma da aka ɗaga sukarin jinin lafiyayyun mutane da gangan, sai abin da ƙwaƙwalwarsu ke fitarwa ya ragu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin ƙari ya wuce kimanin cokalin shayi 12 a yini, rabin haka ya fi. A lissafa na koko, da na shayi safe da dare, da na fura, da lemon kwalban da baƙi ke kawo wa Hajiya in sun zo gaisuwa. Hawan jini kuwa ta wata ƙofa yake ɓarna: yana lalata ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa a ɓoye, shekara da shekaru, kuma ba BDNF ɗin da zai ceci ƙwayar da jini bai isa gare ta ba. Gishirin yini kada ya kai giram 5, wato cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Daddawa da albasa da citta za su cike gurbin ɗanɗano. Magani kuma ba a ajiye shi don an ji sauƙi.

Damuwa mai daɗewa na ɗaga sinadarin kotisol, wanda a gwajin dabbobi ke danne BDNF a hifokamfas, magungunan ciwon damuwa kuma na ɗaga shi. Tsohuwar da mijinta ya rasu, ta daina cin abinci, ta daina hira, ta fara mantuwa, sau da yawa ba gigin tsufa ba ne, ciwon damuwa ne, kuma yana jin magani. Barci awa 7 zuwa 8 ake so. Goro da shayi bayan La'asar su ne ɓarayinsa, ƙailula kuma kada ta wuce rabin awa. Mai minsharin da numfashinsa ke ɗaukewa ya farka a firgice, a faɗa wa likita.

Tunda aiki ne ke jawo BDNF zuwa mahaɗa, sabon koyo na da nasa rabon. Tilawar abin da aka haddace tun yarinta bin tsohuwar turba ce. Haddar sabuwar sura, koyon karatun boko ko ajami a islamiyyar manya, riƙe lissafin adashi, wannan ne fasa sabuwa. Zaman majalisa da ake musu a kan siyasa da farashin taki shi ma aiki ne ga kai. A nan kunne da ido ke shigowa. Dattijon da ya daina ji yakan janye daga hira don kunya, wanda yanar ido ta rufe wa gani yakan daina fita. Kwamitin masana na mujallar Lancet a 2024 ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa a duniya, kuma raunin ji da na gani da kaɗaici da rashin motsi duk suna ciki. Wani lokaci dattin kunne ne kawai ya toshe.

Muna da abin da ya kamata mu riƙe. Binciken da aka fara a 1992 tsakanin Ibadan da Indianapolis ya nuna tsofaffin Yarbawa a Ibadan na kamuwa da cutar mantuwa ƙasa da rabin yadda baƙaƙen Amurka ke kamuwa, kuma hawan jini da ciwon suga sun fi ƙaranci a cikinsu a lokacin. A nan Zariya, binciken da aka buga a 2011 ya samu kusan mutum 3 cikin 100 na tsofaffin da aka duba. Waɗannan tsara ce da ta yi noma, ta taka keke, ta yi daka. Masu tasowa yanzu acaɓa ne har ƙofar ɗaki, kuma ni wannan ne ke tayar mini da hankali.

Kuɗi kuwa kada a kai su inda ba su da amfani. Babu ƙwayar BDNF. Furotin ne, in an haɗiye shi ciki zai narkar da shi kamar wake. In an yi allurarsa, da ƙyar yake ƙetare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, kuma ba ya daɗewa a jini. An gwada allurar a kan masu wata cutar shanyewar jijiya fiye da dubu ɗaya a shekarun 1990, ba ta yi nasara ba. Duk robar da aka kawo maka a waya ko a mota mai lasifika aka ce tana ɗauke da shi, riƙe kuɗinka ka sayi takalmi da na'urar awon hawan jini. Gwajinsa a jini ma ba na asibiti ba ne, na bincike ne. Mafi yawan wanda ke cikin jini a ƙwayoyin daskarar da jini yake ajiye, don haka adadin na sauyawa gwargwadon minti nawa aka bar jinin a kwalba kafin a tace. Lamba ɗaya ba ta gaya wa mutum ɗaya komai.

Sannan ba kowace mantuwa ake kaiwa fili ba. Manta inda aka ajiye hula, a tuna daga baya, wannan na kowa ne. Amma ɓata a hanyar masallacin da aka shekara arba'in ana zuwa, rikicewa a raka'o'in salla kullum, kasa ƙirga canji, zargin iyali da sata, waɗannan na likita ne, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika na da likitocin jijiya da na ƙwaƙwalwa. Ruɗewar da ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu ba tsufa ba ce, ba kuma iska ba: a nemi zazzaɓi, ciwon mafitsara, faɗuwar suga, ko shanyewar ɓarin jiki, a tafi a ranar. Mai shan maganin suga na metfomin shekara da shekaru a duba masa bitamin B12, a duba sinadarin tayroyid da ke fitowa daga maƙogwaro, domin ƙarancinsu na kwaikwayon gigin tsufa kuma yana gyaruwa. In za a je, a zuba duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, har da na barci da na mura da ake saya a kemis, waɗanda da yawansu ke dusashe tunanin tsoho, da jiƙe-jiƙen gargajiya. A tafi da wanda ke kwana gida ɗaya da shi, wanda zai iya cewa ga watan da abin ya fara, ga kuma abin da aka fara gani.